Keken Da Engkos Ya Sayo

Ocih ba ta ko cire takalmi ba ta hango kwalin. Kwana tara ta yi a Garut tana jinyar uwar mijinta, ta dawo Majalaya a gajiye da ƙullin busasshen kifi a hannu, sai ga wani farin kwali zaune a kan teburin yanka, an ture ƙyallayen da ta jera gefe guda don ya sami wuri.

Matan da suke ɗinki tare su huɗu suna ɗakin, amma babu wadda ta ɗago kai. Ko Enah, wadda ta girme su duka kuma bakinta ba ya hutawa, yau ta duƙufa tana zura zare a allura kamar ranar ta fara koyo.

"Ceu Enah, mene ne wannan?" in ji Ocih. Ceu a yarensu shi ne Yaya.

"Zauna ki sha shayi tukuna, Cih. Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi. Na ce mene ne wannan?"

Enah ta ajiye allurar. "Ƙaninki ne ya kawo. Shi ne keken ɗinkin."

Shekara ashirin da shida Ocih ta yi a kamfanin ɗinka rigunan sanyi kafin a rufe shi. Da aka sallame su ta tara waɗannan mata, suna sayen ragowar yadi buhu-buhu, suna haɗa ƙyallaye su yi barguna: haɗin ƙyalle a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa. Tsofaffin kekunansu na ƙafa suna haɗa ƙyallen lafiya lau. Matsalar ita ce ɗinke hawa ukun nan wuri guda. Wannan da hannu suke yi, bargo ɗaya ya ci kwana takwas, yatsu su yi kanta. Shekara guda suka yi suna zuba adashi ba wadda ta ɗauka, don su sayi babban keke ɗaya da zai yi musu wannan aikin, musamman da wata mai masaukin baƙi a Lembang ta ce tana son barguna talatin kafin hutun makaranta. Kuɗin suna hannun Engkos, ƙanin Ocih, saboda shi ne ma'aikaci a ofishin dagaci, shi ya yi wa ƙungiyar rajista. Ranar da za ta tafi Garut ta ce musu a gabansa, kada a taɓa komai sai ta dawo.

Ta buɗe kwalin. Keke ne fari fat, mara nauyi, da ɗan gilashi mai haske a goshi kamar na waya. Da hannu ɗaya ta ɗaga shi. Ta sa tafin hannunta tsakanin allura da jikin keken, da ƙyar ya shiga da ɗan saura.

"Kun gwada?"

Enah ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur ta jawo bargon nan mai shuɗi da ruwan ƙasa, wanda ta yi sati uku tana haɗawa don a kai wa matar Lembang ta gani. Ocih ta baza shi. Sama ya ja gefe guda, ƙyallayen da aka daidaita kusurwarsu duk sun karkace. Ta juya bayan. Shafin ya tattare ya yi ninki-ninki, zare ya cukurkuɗe a wuri biyar, a wani wurin ma allura ta yaga yadin garin cirewa.

"Shi ya tsaya a kanmu ya ce mu ɗinka," in ji Enah a hankali. "Allura uku muka karya."

Ana haka aka ji tsayawar babur a waje. Engkos ya shigo cikin kakin ofis, yana murmushi har kunne, da ledar soyayyen ƙosan kayan lambu mai zafi.

"Ceu, sannu da hanya! Kin ga abin mamakin? Ɗinki kala ɗari biyu. Da kansa yake zura zare. Har suna yake rubutawa, sai ku riƙa sa sunan ƙungiya a kowane bargo. Ragi aka yi na kwana uku kawai, da na jira ki da ya wuce mu."

"Zo nan, Engkos."

Ya matso. Ta naɗe bargon ta miƙa masa. "Tura wannan ta cikin ramin nan. Tura mana, ina kallo."

Ya cusa, ya danna, naɗin ya maƙale bai kai rabi ba. Ya yi 'yar dariya. "Ai akwai yadda ake yi. Na zamani ne, Ceu, ba irin wanda kika saba ba. Akwai bidiyo, bari in nuna miki."

Abin da ya fasa ta ke nan. Ta buga tebur har almakashi ya yi tsalle.

"Bidiyo! Ni za ka nuna wa bidiyon ɗinki? Tun kana yawo ba wando nake kan keke. Wannan hannun da kake gani shi ya ɗinka hanyarka zuwa makaranta, ni aka cire aji biyar aka bar ka. Kai ko maɓallin rigarka ya faɗi sai ka aiko matarka, yau kai ne mai zaɓa mana keke? Wa ya ce maka suna muke son rubutawa? Layi ɗaya muke so, miƙaƙƙe, ya ratsa hawa uku bai ja ba. Ɗaya tak! Ka kwaso mana ɗari biyu, babu ɗayan da muke nema a ciki."

"Mai shagon ya ce yana ɗinka bargo."

"Bargon 'yar tsana ba. Ka tambayi Ceu Enah? Ka tambayi ko ɗaya a cikinsu? Ina da waya a Garut ko ba ni da ita?"

"Kina wajen mara lafiya, ban so in dame ki ba."

"Ba ka so in hana ka ba dai."

Engkos ya waiga ko wata za ta sa baki. Babu wadda ta dube shi. Ya ajiye ledar a gefen tebur, Ocih ta ɗauke ta ta mayar masa a hannu, ta ce kada mai ya ɓata musu yadi. Ta ce gobe da safe ya nemi izini a ofis, Bandung za su, shagon da ya sayo keken, kuma ya zo da rasit.

Da gari ya waye ta yanka auduga da shafi da tarkacen ƙyallaye, har da masu kauri na wandon jins inda ɗinki huɗu ke haɗuwa, ta yi ƙananan gwaji guda shida ta zuba a jaka tare da bargon da ya lalace. A motar haya ta ƙi yarda a sa kwalin a sama. A cinyar Engkos ya zauna tun daga Majalaya, cikin cunkoso da zafi, gwiwarsa na gugar ta wata mai kwandon tumatir. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu ta juya ta kalli taga.

Shagon Haji Dudung dogo ne mai duhu, kekuna jere hagu da dama, yana warin man inji. Mai shagon ya tare su da fara'a, ya miƙa wa Engkos hannu, ya jawo masa kujera ɗaya.

"Ranka ya daɗe, an dawo? Yaya keken, ya yi daɗi?"

"Ni ce mai keken, Pak Haji," in ji Ocih. "Shi ɗan dako ne."

Haji Dudung ya dube ta ya sake duban Engkos. Da ya fahimci abin da ya kawo su, fara'ar ta ragu. Ya nuna wata takarda da aka manna a bango. Kayan da ya fita ba ya dawowa, ya ce, kuma keken lafiyarsa ƙalau, wataƙila dai hannun da ya hau shi ne bai saba ba.

Ocih ta zaro bargon ta shimfiɗa shi a kan kantar shagon, bayansa a sama, ta rufe masa har na'urar lissafi. Akwai wasu teloli biyu da suka zo sayen allura, da wata mata da mijinta suna duba irin farin keken nan. Duk suka juyo.

"Ku zo ku gani," ta ce da ƙarfi. "Wannan aikin keken da Pak Haji ya ce yana ɗinka bargo ne. 'Yar'uwa, in bargo za ki yi, dubi nan kafin ki biya."

"Haba Bu, uwargida, a yi a hankali mana. Shago ne."

"Na san shago ne, ai ba masallaci na ce ba. Ka tambaye shi girman bargon? Ka tambaye shi hawa nawa? Ka ga kaki da takalmi mai sheƙi ka ce ga wanda zai kwashe maka abin da ya ƙi fita."

Ɗaya daga cikin telolin ya taɓa shafin ya girgiza kai. Matar nan ta ja hannun mijinta suka matsa wajen ƙofa. Haji Dudung ya sassauta murya, ya ce to ba mayarwa ba, amma ana iya musanya. Ya kai su gaban wani sabon keken kamfani, ya buga bayansa.

"Ga maganin kukanki. Ɗinki dubu biyar a minti. Ƙarfe ne zalla. Duk manyan kamfanoni shi suke amfani da shi."

"Na sani. Shekara ashirin da shida ina zaune a bayan irinsa. Kunna."

Ta zauna, ta sa gwaji ɗaya, ta taka. Keken ya yi ƙara ya cinye ƙyallen kafin ƙiftawar ido. Ta yanke zare ta ɗaga masa a fuska. A ƙarshen layin, na sama ya zarce na ƙasa da faɗin yatsa.

"Ka gani? Haƙoran ƙasa ne kawai ke ja, ƙafar sama tana danne tana turawa. A riga ba komai. A bargo mai tsawon mutum, kafin ka kai ƙarshe ya karkace. Gudu ba shi nake nema ba. Ina son wanda ƙafarsa ke takawa tare da haƙoran, sama da ƙasa su tafi lokaci ɗaya. Mai dogon wuya, naɗin bargo ya wuce. Mai babban kwarkwaro, kada zare ya riƙa ƙare mini a tsakiyar layi."

Haji Dudung ya yi dariya, ya dubi Engkos. "Wannan ai na masu kujerar mota ne da tamfol. Ba keken mata ba ne, ranka ya daɗe. Zai ja ta ya shige da ita."

Engkos ya fara murmushin neman sulhu. Ocih ta juya ta kalle shi, murmushin ya mutu.

"Da ni kake ciniki, Pak Haji. In ka ƙara kallonsa kana mini magana, zan zauna a ƙofar shagonka da bargon nan har la'asar."

Daga can ƙuryar shagon, bayan labule, wata murya ta ce, "Wannan masifar na san ta. Ocih ta layi na bakwai ce ko?"

Wani tsoho ya fito yana goge hannu da tsumma, tabarau a ƙarshen hanci. Mang Uju ne, makanikin tsohon kamfaninsu, wanda ta sha yi wa faɗa in ya daɗe bai zo gyara ba. Yanzu a nan yake gyaran kekuna na hannu.

"Mang, kana raye?"

"Tun da na rabu da ke na ƙara lafiya. Zo ciki, abin da kike nema ba ya gaban shago."

A baya akwai guda uku irin wanda ta faɗa, duk an yi amfani da su. Na farko fentinsa sabo, Haji Dudung ya biyo su yana yabonsa. Ocih ta ɗinka gwaji, ɗinkin ya yi kyau. Sai ta sa farin ƙyalle ƙarƙashin allurar ta ce a bar shi, ta wuce na biyu. Shi kuma da ya zo kan mahaɗar jins sai ya tsallake ɗinki biyu. Ta sake, ya sake tsallakewa. Ta tashi. Da ta koma kan na farko, ɗigon mai ya sauka a farin ƙyallen ya yi tabo.

"An yi masa kwalliya an bar ciwon," ta ce. Mang Uju ya kau da kai yana tari.

Na ukun toka-toka ne, fenti ya goge a inda hannu ke gugarsa, an ce daga wajen masu katifa ya fito. Wuyansa ya kai tsawon damtse da rabi. Ta juya tayar gefen keken da hannu a hankali tana saurare, ta kwantar da kan keken ta leƙa cikinsa, ta girgiza sandar allura ta ji ko tana rawa. Sannan ta haɗa gwaji biyu wuri guda, hawa shida, ta taka. Ƙafar ta hau tudun jins ɗin ta sauka kamar ba komai. Ta juya bayan: sumul. Ta ja da ƙarfi, ɗinkin bai buɗe ba. Ta ɗauko lalataccen bargon ta naɗe, ya wuce ta wuyan da sarari har ya rage.

"Ƙarfin wutar gidanki nawa?" in ji Mang Uju.

Ta faɗa masa.

"To wannan tsohon injin da ke ƙasa ba zai yi ba. Kina kunnawa mita za ta faɗi, ga ƙugi duk yini ko ba kya ɗinki. A sa miki ƙaramin nan na yanzu, ba ya cin wuta, kuma kina iya rage masa gudu. Sauran matan za su iya hawa ba tsoro."

Wannan ne kaɗai abin da wani ya faɗa a ranar da ta karɓa ba musu.

Sai aka zo ciniki. Haji Dudung ya ce farin keken an buɗe, an karya allurai, a matsayin na hannu zai karɓe shi. Suka yi ta ja, ta fita har bakin titi sau ɗaya, ya kira ta. Engkos ya gyara murya ya fara cewa shi fa daga ofishin dagaci yake, ta ce masa in ya sake cewa ofis za ta tafi ta bar shi da kwalinsa. A ƙarshe dai aka tsaya, amma da sabon inji da tebur, abin da ke hannu bai kai ba.

Engkos ya ce ko matan za su ƙara ɗan wani abu.

"Matan? Ceu Enah da ke cin shinkafa da gishiri don ta yi zubi? Su suka aike ka?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Kana da tsuntsu."

Fuskarsa ta canza. Tsuntsun nan mai dogon bindi da ke rataye a barandarsa, wanda yake wanke wa keji kullum kafin ya yi wa kansa wanka, ya taɓa zuwa na biyu a gasar kuka ta gunduma.

"Ceu, ba da shi ba. Don Allah."

"Ai abokinka mai shagon taya ya daɗe yana roƙonka ka sayar masa. Kira shi."

"Shekara uku ina rainonsa."

"Shekara ɗaya mata biyar suna tarawa, ka kashe a yini ɗaya. Kira shi, ko ni in kira matarka ta ba ni lambarsa."

Ya fita waje da waya. Ta gilashin shagon tana ganinsa yana kai da kawowa, yana shafa ƙeya. Bai daɗe ba ya dawo, idonsa ja, ya ce an gama. Ta ɗan ji tausayinsa, amma ta tuna da shafin Enah, ta bar shi ya wuce.

A-kori-kura ta kawo keken washegari. Lungunsu mota ba ta shiga, sai da maza huɗu suka rataya kan keken a gora suka ɗauko, teburin kuma sai da aka cire ƙyauren ɗaki kafin ya shiga. Mang Uju ya biyo su ya daidaita komai, ya ci shinkafa da yaji da kifin Garut, ya tafi yana cewa kada a kira shi sai an ga hayaƙi. Kafin azahar Ocih ta ɗinke bargo guda cif. Matan suka baza shi a tsakar gida suna bin layukan da yatsa. Enah ta ƙi hawa keken har kwana uku, tana cewa ita da jikoki ba za ta ba inji yatsa ba, sai da aka rage gudun ya koma kamar tafiyar tsohuwa. Bayan sati guda sai an yi da gaske take sauka.

Ba su cika talatin ba. Kwanakin da aka ɓata sun ɓata, ashirin da shida suka kai Lembang, matar ta yi ƙorafi ta karɓa, ta ce sauran huɗun su biyo baya. A satin Ocih ta je ofishin dagaci da kanta, ta wuce teburin ƙaninta ba ta tsaya ba, ta sa aka cire sunansa daga takardun ƙungiya aka sa na Enah.

Engkos ya ɗauke ƙafa daga gidan. Matarsa ta daina gaishe ta a kasuwa, ta kuma baza cewa Ocih ba ta da tausayi, ta wulaƙanta ɗan'uwanta a gaban baƙi saboda ƙarfe. Maganar ta dawo kunnen Ocih, ta ce a gaya mata gaskiya ne, kuma in an sake za ta sake.

Sai ranar ƙaramar salla ya zo, kamar yadda ƙane ke zuwa gidan babba. Ya durƙusa ya kama hannunta ya kai goshi, ya nemi gafarar abin da ya yi na sani da na rashin sani. Ta ce ta yafe, ita ma ya yafe mata. Ta zuba masa abinci da kanta, ta ƙara masa nama. Da ya tafi, mijinta ya ce to alhamdu lillahi, komai ya wuce.

"Na yafe masa," in ji Ocih, tana tattara kwanuka. "Amma har yanzu bai ce bai iya ba. Cewa yake mai shago ya cuce shi."

Mijin ya ce ta bar shi haka, yau salla. Ta ce ai ta bari, ta ɗauki kwanukan ta yi bayan gida.